Hanjin da ba na dabba ba: wani girkin Yahudawa a tukunyar Filinge

 Duk macen da ta taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a kasuwar Filinge da ɗan canji ƙulle a bakin zane ta san yadda abin yake. A yanko mata ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, rabi ƙashi rabi jijiya, in ta buɗe baki a ce ta matsa akwai na baya. Abin mamakin shi ne a ƙasar Kurfai ake wannan, ƙasar da kowa ya san ta da kiwo, inda tashar Tukunus da ke arewa da gari take renon shanun Azawak tun cikin shekarun 1950. Sai dai dabbar da ta yi ƙiba ba ta cika kwana a nan ba. Dillalai sun kora ta Baleyara ranar Lahadi, daga can mota ta kwashe ta sai Yamai, ko ma ta ƙetare iyaka. Ga kuma matsalar tsaro da ta rage zuwan makiyaya daga arewa, tun ma kafin dokar ta-ɓaci ta iso Filinge a farkon shekarar 2020. Kun dai tuna a watan Mayu na 2025 sai da gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje gabanin babbar salla, don talaka ya samu abin layya.

Mai sayar da shinkafa da miya a tasha ita ce ke tsakiyar wannan matsi. In ta sa nama riba ta tafi, in ba ta sa ba mai saye ya wuce rumfar gaba. A kan haka ne muka kawo muku labarin wani girki da ya fito daga nesa ƙwarai, muka kuma jarraba shi da hannunmu kafin mu ɗauki alƙalami.

Mafarin zancen

A wani shirinmu na rediyo da muke yi kan abinci da farashin kasuwa, wani dattijo ɗan Kurfai ya bugo waya. Tsohon kuku ne, ya yi shekaru yana aiki a gidajen Turawa a Yamai kafin ƙarfi ya ƙare ya dawo gida. Ya ba mu labarin wata uwar ɗakinsa ƴar Amurka, Bayahudiya, wadda duk zaman da ta yi a Nijar ba ta taɓa cin naman kasuwa ba, don addininsu yana da nasa ƙa'idar yanka. Kowace Juma'a sai ta sa shi ya goge karas da albasa, a kwaɓa da gari da mai, a mulmula kamar dogon hanji, a naɗe a gasa. Ya ce ranar farko da ya ɗanɗana sai da ya leƙa cikin kwandon shara ko ta sa kitse a ɓoye. Sunan abin kishke.

Bayan shirin wasu sun kira suna tambayar me ya haɗa mu da abincin Yahudawa. Amsar da muka ba su ita ce za mu maimaita nan a taƙaice. Malamanmu sun karantar da mu cewa abincin ma'abota littafi halal ne, ballantana wannan da babu ko yanka a cikinsa, karas ne da albasa da gari. Su ma ba sa cin alade, ba sa cin jini, ba sa cin mushe. Maganar tukunya muke yi yau, siyasar duniya tana da nata shafi.

Asalin kishke

Kalmar kishke daga harsunan gabashin Turai ta fito, ma'anarta kuwa hanji. Yahudawan da suka zauna shekaru ɗaruruwa a ƙasashen Polan, Yukren, Lituwaniya da Rasha galibinsu talakawa ne mazauna ƙananan garuruwa, ƴan tireda da masu sana'ar hannu. Tsoka ta masu hali ce. Talaka sai ya sayi hanjin saniya, wanda ya fi komai araha wurin mahauci, a wanke shi tas, a kankare, a ɗura masa gari da kitsen kaza ko na dinya da albasa da gishiri da yaji, a ɗinke bakin. To ku lura da kyau: tun asali babu tsoka a ciki. Gari ne da kitse, hanjin riga ce kawai. Dabarar uwa ce mai ɗiya da yawa, wadda take son kowa ya tashi daga akushi yana jin kamar ya ci nama. In hanjin ma ya gagara sai a yi da fatar wuyan kaza.

Yadda suke dafa shi ma abin a sani ne. A addininsu ba a hura wuta ba a girki daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa daren Asabar. Saboda haka tun Juma'a da rana ake haɗa wata babbar tukunya ta wake da sha'ir da dankalin Turawa da ɗan nama in akwai, wadda suke kira colent, a ɗora kishke a samanta a rufe. A garuruwan da, kowane gida kan kai tukunyarsa wurin mai gashin burodi a tura cikin tanda ta kwana a ɗumin da ya rage, gobe da rana a aiki yara su ɗauko. Cikin wannan dogon dare kishke ke shanye romon tukunya ya yi ja, ya yi laushi.

To yaya aka yi hanjin ya fita? Dalilai sun taru. A shekarar 1936 majalisar Polan ta yi dokar da ta taƙaita yanka irin na Yahudawa, naman da ya halatta gare su ya ƙara wuyar samu. Cikin wannan yanayi ne, a 1938, wata mata mai gidan abinci a birnin Vilna, Fania Lewando, ta buga littafin girki da harshensu na Yidish mai ɗauke da girke-girke kimanin 400, babu nama ko kifi a ko ɗaya, kuma har da kishke da colent a ciki. Ita da mijinta sun ɓace a yaƙin duniya na biyu, amma littafin ya tsira, an fassara shi da Ingilishi a 2015. A can Amurka kuma wata hanya abin ya bi. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da daskararren man Crisco a 1911, wanda aka yi da man ƙwayar auduga, kuma a 1933 ya buga littafin girki da Yidish da Ingilishi don jawo matan Yahudawa su bar kitse su koma gare shi. Ga shi a manyan birane wankin hanji aiki ne da ba kowace mace ke da lokacinsa ba. A hankali sai mai ya maye gurbin kitse, takardar gashi ta maye gurbin hanji, aka ƙara karas da seleri. Akwai kuma wata riba da suka gani: shari'arsu ta hana haɗa nama da nono a ci ɗaya, don haka abincin da babu nama babu nono a cikinsa yana shiga kowane faranti.

Yadda suke yin nasu a yau ba wuya. Albasa 1, karas 2, sandar seleri 2, a markaɗa, a zuba mai rabin kofi, garin alkama kamar kofi ɗaya da rabi, gishiri, masoro da jan garin tattasai. A mulmula, a naɗe, a gasa sama da awa ɗaya ko a ɗora a kan tukunyar wake.

Abin da ya faru a madafarmu

Mu dai ba mu da tanda, seleri kuwa sai an je Yamai, kilomita wajen 180, garin alkama ma daga waje yake zuwa kuma kun san yadda farashinsa ke rawa. Abin da Allah ya hore mana shi ne gero da wake da gyaɗa. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma ba mu rasa hikimar sarrafa shi ba: ga ɗan wake, ga ƙosai, ga alala, ga tubani, ga beruwa ta maƙwabtanmu Arawa ta Dogon Dutsi. Shi ya sa muka nemi wata gwaggonmu mai tuyar ƙosai da wata maƙwabciya mai sayar da abinci a tasha, muka ce a gwada da kayan gida.

Gwajin farko abin dariya ne. Muka ce tunda gero ne namu a yi da garin gero zalla. Da aka kwance naɗin sai abu ya warwatse a faranti kamar dambu, gwaggo ta ce ai sai a kawo zogale a ƙarasa. Dalili shi ne gero ba shi da danƙon da ke cikin alkama, ba abin da zai riƙe shi. Gwaji na biyu muka koma wake zalla, ya kama kam, ya yanku sumul, amma duk wanda ya sa a baki sai ya ce alala ce aka yi wa doguwar riga. Ba wanda zai biya kuɗin nama a kan alala. Sai a karo na uku da na huɗu muka gane inda gizo ke saƙa. Wake shi ke riƙewa, don in ya ji zafi yana daskarewa kamar ƙwai. Garin ƙuli-ƙuli shi ke ba da maiƙo da ƙamshin gashi, wanda hancin Bahaushe ya riga ya haɗa da tsire. Ɗan garin alkama ko na rogo shi ke sa abin ya yi tauna. Amma babban sirrin yana wurin albasa.

Ga ma'aunin da muka tsaya a kai, da gwangwanin madara ƙarami. Garin surfaffen wake gwangwani 2. Garin ƙuli-ƙuli gwangwani 1. Garin alkama gwangwani 1, in babu a sa garin rogo mai laushi rabin gwangwani. Albasa manya 2, karas 2, tattasai 2, tafarnuwa ƴan ƙwaya 4. Man gyaɗa kusan gwangwani 1 bai cika ba. Daddawar batso ƙulli 1, gabu ɗan tafin hannu a madadin seleri, sai citta, masoro, kanumfari kaɗan, barkono gwargwadon bakin masu sayenki, da gishiri.

A yanka albasar ƙanana a zuba cikin man, a rage wuta. Nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Ba soyawar miya ba ce da ake yi fuu a wuce, a'a, sai an tsaya kanta minti 20 ko fiye ana juyawa har ta yi ja kamar dabino, ba tare da ta ƙone ba. Wannan jan shi ne ɗanɗanon da baki ke ɗauka na nama ne. In ta yi baƙi kuwa ɗaci ya shiga, sai dai a sake. Daga nan a zuba gogaggen karas da jajjagen tattasai da tafarnuwa, su ɗan risina, a sauke. A daka daddawa da gabu da kayan yaji a zuba. Sai a kawo garin duka a haɗa, ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan har ƙullin ya yi kaurin da in an mulmula zai tsaya da kansa, ya fi na ƙosai tauri nesa ba kusa ba, amma bai kai na cincin ba. A bar shi ya huta kamar minti 15 don garin waken ya sha ruwa.

A mulmula shi tsawon taki ɗaya, kaurin muciya. Kada a yi shi ƙato don a burge, tsakiya ba za ta nuna ba. A naɗe, a ɗaure baki biyu, a jera a madambaci ko a kan ƴan karare cikin tukunya mai ruwa a ƙasa, a rufe ya turara awa ɗaya da kwata. Mai dafa wake da shinkafa ko miya mai yawa tana iya yi irin na masu abin, ta ɗora naɗin a saman tukunyar ya sha tururin romo, ta kuma huta da ƙona icce na biyu. In ya nuna, kada a taɓa shi da wuƙa yana da zafi. Mun yi wannan kuskure, ya dame. Sai ya huce sarai sannan a yanka shi faifai-faifai kaurin yatsa, a soya a ɗan mai ko a gasa a kan waya har gefen ya yi ƙamas, a barbaɗa yajin ƙuli. A miya kuma sai an kusa saukewa ake jefa shi, in ya daɗe yana tafasa zai narke.

Maganar naɗi

Da me za a naɗe? Mun san amsar da ta fi sauƙi, farar leda, kamar yadda ake ƙulla alala a ko'ina. Mu dai ba mu goyi bayanta ba. Leda ba a yi ta don wuta ba, kuma tun watan Nuwamba na 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin waɗannan ledoji da sayar da su a ƙasar nan, ko da yake kowa na ganin yadda suke rataye a kan kowace ƙaya daga nan har Abala, awaki na haɗiya suna mutuwa. Takardar siminti ta masu balangu ma ba ta jure tururi. Mun gwada ɓawon masara da aka jiƙa ya yi laushi, ya yi kyau ƙwarai. Ganyen kalgo manya biyu ko uku a haɗe ma ya yi, har da ɗan ƙamshinsa. Wanda ya fi sauƙi ga mai yin da yawa shi ne farin ƙyalle mai tsabta, a shafa masa mai, a naɗe a ɗaure da zare, a wanke a tafasa shi bayan kowane aiki. Dogon gwangwani ma yana yi in an shafe cikinsa da mai.

Lissafin ƴar kasuwa

Ma'aunin da muka faɗa ya ba mu naɗi 4, kowane naɗi ya fitar da yanka 8 zuwa 10. Kowace ta ɗauki farashin tiyar wake da kwalbar mai na ranar kasuwar da ta wuce ta buga da kanta, sannan ta kwatanta da yanka nawa take samu a kilon nama bayan an cire ƙashi. Abin da ya fi cin kuɗi a ciki mai ne, ba wake ba. Kuma tunda niƙawa za a yi, ba sai an sayi zaɓaɓɓen wake ba, tsakin wake da ake sayarwa da rangwame ya wadatar muddin ba shi da wari. Abu ɗaya dai, a guji waken da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya. Wadda ke da hali ta sayi nata da kaka ta zuba a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta INRAN suka fara yaɗawa a 2007. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, ba a bukatar ko ƙwayar magani. Haka ƙuli-ƙuli, a ɗanɗana kafin a saya. Mai ɗaci ko mai warin funfuna daga ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya fito, kuma gubar da ke cikinta hanta take ci, wuta ba ta kashe ta.

Hatsarin sana'ar shi ne rashin jimiri. Dafaffen wake ba kilishi ba ne. A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Filinge, wanda aka turara da asuba in bai ƙare ba zuwa la'asar ya fara yauƙi, mai firigo kuma sai in wutar ta zauna. Saboda haka a fara da kaɗan, a turara da safe, a riƙa soyawa gwargwadon masu zuwa. Wanda ya yi tsami a zubar, kada a ce za a rufe shi da yaji. Ranar da mutum uku suka kwana suna zawo a kan abincinki, sunan da kika yi shekara goma kina ginawa a tasha ya tafi.

Ta fuskar gina jiki kuma mu faɗi gaskiya. Busasshen wake kusan kashi 1 cikin 4 nasa sinadarin gina jiki ne, ƙuli-ƙuli ma ya fi haka, kuma haɗa wake da hatsi yana cike giɓin da kowannensu ke da shi. Yaron lakwal da ya ci yanka uku cikin burodi zai kai azahar bai ji yunwa ba. Amma akwai abin da tsiro ba ya bayarwa, kamar bitamin B12, wanda sai a nama da kifi da ƙwai da nono ake samu, kuma sinadarin ƙarin jini na nama ya fi na wake saurin shiga jiki. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada a ce an samu madadi a yanke musu ɗan abin da suke samu. Matsa lemun tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da shi yana taimaka wa jiki ya ɗauki na waken, shan shayi nan take a kansa kuma yana ragewa.

Sai babbar magana, wadda a kanta ne muka yi gardama da maƙwabciyar tamu. Ranar da ta fara jefa shi a miyar shinkafa, wani direba ya ci ya nemi ƙarin nama, ita kuma ta ƙara masa ba ta ce uffan ba, ta karɓi kuɗin nama. Da ta ba mu labari tana dariya, mu ba mu yi dariyar ba. Wannan algus ne, daidai yake da zuba ruwa a nono ko tsakuwa a gero. Kuma ko a bar batun alhaki, a kasuwa irin tamu da kowa ya san kowa sirri ba ya kwana biyu. Matan Maradi da suka mayar da awara sana'a ba su taɓa cewa nama suke sayarwa ba, sun kira ta da sunanta, ga ta nan yau a ƙofar kowace lakwal. Haka ya kamata a bi da wannan, a faɗi abin da ke ciki, a sa masa farashinsa daban, mai son nama ya biya na nama. Yin haka ne ma zai hana rigima da mahauta, don wanda ke sayen wannan dama can ba shi da kuɗin zuwa teburinsu. Ta dai amince, ta ware masa faranti dabam a gefen tukunya.

Abin da ya rage shi ne suna. Kishke ba ya zama a bakin mutanenmu, gwaggo tun ranar farko kishiya take ce masa. Maƙwabciyar tana kiran nata hanjin wake, yaran tasha kuma sun laƙaba masa tsiren gwauro. Dattijon da ya fara kawo zancen mun aika masa naɗi biyu a ɓawon masara. Ya aiko cewa ya fi na uwar ɗakinsa yaji, amma a rage daddawar, a kuma ƙara wa albasar minti biyar a wuta.